Bokan Cikin Waya

'Yan uwana mata, uwayen gida da amare da 'yan mata masu tasowa, musamman na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum. Yau maganar kuɗi zan yi, na kuwa san ba kowa za ta yi wa daɗi ba, to amma wadda ta ji zafi ta yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wata sabuwar sana'a ce ta kutso mana gidaje ta cikin wayar hannu, wai ita tiredin. Da can mace in ta kwashi adashe, ko ta tara ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tunkiya take saye ta ɗaure, ko ta sa a auno mata gero da kaka ta jibge a ɗaki, ko ta sayi ɗan kunnen zinare ta adana don ranar da rana ta ɓaci. Yanzu kuwa sai ki tarar da yarinya ta ƙura wa waya ido tun bayan isha'i har tsakar dare, tuwo ya huce, yaro na kuka, ita tana can tana kallon waɗansu 'yan sanduna kore da ja suna hawa suna sauka. In kin yi magana sai ta ce, "Ke dai bari Yaya, kasuwa nika karantawa, yanzun nan kuɗɗi za su shigo." Wa ya koya mata karatun? Wai wani oga ne a WhatsApp ko Telegram, wanda ba ta taɓa gani ba, ba ta san sunansa na yanka ba, balle unguwarsu.

Abin da nake so in faɗa ɗaya ne tak. Wannan zanen da ake nuna muku ba ya sanin gobe, kuma mai cewa ya san gobe da shi boka ne, ko da ya sa kwat da tabarau. Mace mai son sa kuɗinta a kamfani, kamfanin za ta duba, ba zane ba.

MENE NE HANNUN JARI?

Mu fara daga tushe don kada a rikita mu da Turanci. A ce ku goma kun haɗa kuɗi kun sayi injin markaɗe, kowa ta ba da kaso ɗaya. Kowace a cikinku tana da hannu ɗaya a injin, in an yi riba a raba da ita, in injin ya lalace a yi asara da ita, in kuma ta gaji tana iya sayar wa wata da nata kason. Shi ke nan hannun jari, babu wani siddabaru a ciki. Bambancin kawai shi ne manyan kamfanoni suna yanka kansu gida miliyoyi ko biliyoyi, ana saye ana sayarwa a kasuwar hannun jari. Tamu ta Najeriya tana Legas, ana kiranta NGX, akwai kuma hukumar gwamnati mai sa mata ido, wato SEC.

Kamfanonin fasaha su ne masu harkar waya da intanet da kwamfuta. A nan gida MTN ya shiga wannan kasuwa a watan Mayun 2019 a kan naira 90 kowane hannu, Airtel ya biyo baya a watan Yulin shekarar. A Disambar 2021 MTN ya fito da hannaye ga jama'a a kan naira 169, mafi ƙanƙanta a sayi 20, wato naira 3,380, kuma kamfanin ya ce mafi yawan waɗanda suka saya ta waya mata ne. A Amurka kuwa akwai su Apple da Microsoft da Nvidia. Duk waɗannan kamfanoni ne na gaske masu ma'aikata da kaya da ciniki. Ni ban zo in ce kada mace ta mallaki hannu a kamfani ba. Ai a Disambar 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 34.8 cikin 100, ma'ana kuɗin da kika ƙulle a gefen zane ko a ƙasan kwalla narkewa suke yi kamar gishiri a ruwa. Neman inda za a sa kuɗi hankali ne. Faɗana da masu sayar da duba ne.

KYANDIR KORE DA JA

Waɗannan 'yan sandunan sunansu kyandir. Kowane ɗaya yana nuna abu huɗu a wani lokaci, ko minti biyar ko awa ɗaya ko yini guda: farashin da aka buɗe da shi, wanda aka rufe da shi, inda ya fi tsawo, da inda ya fi faɗuwa. In an rufe sama da yadda aka buɗe sai a shafa masa kore, in an rufe ƙasa a shafa masa ja. Ana danganta asalin wannan zane da 'yan kasuwar shinkafa na Japan a ƙarni na 18, musamman wani attajiri mai suna Munehisa Homma da kasuwar Dojima ta birnin Osaka. Kin ga ashe tushensa ma wajen masu awo yake.

Daga nan sai masu karatun zane su ce ai kyandirori suna yin siffofi. Wannan siffa wai kai da kafaɗu ce, in ta bayyana farashi zai faɗi. Waccan wai guduma ce, in ta fito zai tashi. Su ja layi a ƙasa su ce nan ne daɓe, farashi ba zai fasa shi ba, su ja wani a sama su ce nan ne rufi. Su lissafa matsakaicin farashin kwana 50 da na kwana 200, in layin farko ya haye na biyu su ce a ruga a saya. In kuma farashi ya fasa daɓen da suka rantse ba zai fasu ba, sai su ce ai yanzu daɓen ne ya koma rufi. Jama'a, wace irin magana ce wannan da ba ta taɓa faɗuwa ƙasa? In ya tashi sun faɗa, in ya faɗi sun faɗa. Haka mai bugun ƙasa yake yi, ya zana ya share ya sake zanawa, in aure ya ɗauru aikinsa ne, in ya watse ke ce ba ki cika sharaɗi ba.

Don a yi adalci, zane yana da ɗan amfaninsa. Yana nuna miki tarihin farashi, ki san ko yau abin ya yi tsada in an kwatanta da bara. Wani lokaci ma layin yakan yi kamar yana aiki na ɗan lokaci, saboda dubban mutane suna kallon layi ɗaya suna saye a wuri ɗaya. To amma sawun da akuya ta bari jiya yana gaya miki inda ta bi ne, ba ya gaya miki inda za ta kwana gobe.

KO GERO MA YA SAƁA ALƘAWARI

Babu wadda za ta koya wa matan Gummi da Nasarawar Burkullu hawa da saukar farashi. Kowa ta san hatsi yana araha da kaka, ya yi tsada in damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa. Wannan tsari yana da dalili a bayansa wanda ido ke gani, ga lokacin girbi ga lokacin yunwa. Duk da haka me ya faru? A 2024 hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, a watan Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150, sai ga shi a 2025 farashi ya karye, waɗanda suka saya da tsada suka ɓoye suna jiran damina da yawansu suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Tsarin da kakanninmu suka sani shekara da shekaru, sa hannun mutum ɗaya a Abuja ya birkita shi. To in tsari mai dalili yana iya saɓawa, ina ga siffar guduma da kafaɗa wadda ba ta da uwa ba ta da uba?

Ku duba MTN ɗin nan. Mutane ba su daina kira ba, ba su daina sayen data ba, amma kamfanin ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, ya sake bayyana ta kusan biliyan 400 a 2024, masu hannun jari ba su sami rabon riba na 2024 ba. Me ya jawo? A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024, shi kuwa kamfanin yana da ɗawainiya mai yawa da ake lissafawa da dala. Sai a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, kamfanin ya dawo cin riba. Wane kyandir ne ya san ranar da Babban Banki zai saki naira? Wace kafaɗa ce ta san abin da NCC za ta sa wa hannu? Wadda ta karanta rahoton kamfanin ta ga bashin dala, ita ce ta hango hadarin tun yana gabas.

A Amurka ma haka ne. Ranar 27 ga Janairun 2025 darajar Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfutocin ƙirƙirarriyar basira, ta zube da kusan dala biliyan 600 a yini ɗaya, saboda labarin wani kamfanin Sin mai suna DeepSeek da ya fito da manhaja mai arahar haɗawa. Masu bin jan kyandir suka firgita suka sayar, zuwa watan Yulin shekarar kuma darajar kamfanin ta haura dala tiriliyan 4. Labari ne ya kayar da shi, ciniki ne ya tashe shi, zane kuwa yana biye a baya kamar jela.

DABARAR MAI SIGINA

Za ki ce, "To ai ogan namu sau uku yana faɗa yana dacewa, da idona na gani." Tsaya in ba ki misali. A ce mutum ya tara lambar mata 800. Ya aika wa 400 cewa gobe farashi zai tashi, ya aika wa 400 cewa zai faɗi. Ko me ya faru, ya dace a wurin 400. Ya watsar da sauran, ya raba waɗannan biyu ya sake yi, saura 200. Ya sake yi, saura 100. Yanzu akwai mata ɗari da suka ga ya faɗa sau uku a jere bai kuskure ba, kowace tana rantsuwa da shi, alhali bai san komai ba sai raba lamba. A nan ne zai ce mai son sigina ta musamman ta biya kuɗin rajista.

Wani kuma ba ya wahalar da kansa da wannan. Hoton alat yake ɗorawa, da hoton mota da bai mallaka ba, ranar riba ya buga ganga, ranar asara ya yi gum ko ya goge saƙon. Da yawansu kuma kamasho suke karɓa daga manhajar da suka tura ki, duk wadda ta yi rajista ta hannunsu ta zuba kuɗi suna da kaso, ko kin ci ko an cinye ki. Ki tambayi kanki tambayar da ko yaro zai iya yi: mutumin da ya san farashin gobe, me zai yi da naira dubu biyar ɗinki? Wanda ya san inda aka binne tukunyar zinare ba ya yawo gida gida yana sayar da taswira a kan kuɗin cefane.

Sai kuma babban ramin, wato aron ƙarfi. Manhajar za ta ce ki sa dubu goma ki yi ciniki kamar mai miliyan ɗaya, ninki ɗari ke nan. Daɗin ji gare shi. Abin da ba a gaya miki shi ne, in farashi ya motsa kashi ɗaya tak cikin ɗari ta inda ba ki so, dubu gomanki ta tafi duka, kuma irin wannan motsi ana yinsa kafin ruwan shayi ya tafasa. A irin wannan ciniki ba ki mallaki ko ƙusa ɗaya a kamfani ba, kin dai ce zai hau wani ya ce zai sauka, wanda ya dace ya kwashe. Ki kai wa malamin da kika yarda da shi wannan bayani yadda yake, ki ji sunan da zai kira shi.

Ga wata matsala da ta shafe mu mu kaɗai. Mai irin wannan ciniki dole ta iya fita cikin daƙiƙa in kasuwa ta juya. Mun manta watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a duk jihar Zamfara saboda matsalar tsaro? Mako biyu aka ce da farko, a wurare da yawa abin ya ja watanni, sai mutum ya fita jihar kafin ya yi kira. Ko ba a rufe ba, mace nawa ce a ƙauyukan Anka da Bukkuyum take da sabis da cajin da za ta dogara da su awa ashirin da huɗu? Waɗanda kike karawa da su manyan kamfanoni ne a Landan da New York, masu kwamfutocin da ke saye da sayarwa sau dubbai kafin ki ƙifta ido. Ke kuma kin aiki yaro shagon caji da wayar.

WAƊANDA SUKA RIGA MU GWADAWA

Kada ki ce ƙauyanci ne ko rashin boko ya sa nake wannan magana. Ƙasashen da suka fi mu wuta da intanet sun ƙirga abin. A ƙasar Birazil wasu masana uku sun fitar da bincike a 2019 a kan masu saye da sayarwa a yini guda, suka tarar cikin waɗanda suka dage fiye da kwana 300 suna yi, kashi 97 cikin 100 asara suka yi. A Turai, hukumar da ke kula da kasuwannin kuɗi ta bayyana a 2018 cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na ƙananan masu cinikin aron ƙarfi asara suke tafkawa, har aka tilasta wa kamfanonin rubuta gargaɗin a tallarsu. A Indiya hukumarsu ta bayyana a 2023 cewa kusan tara cikin goma na ɗaiɗaikun mutane masu cacar farashin hannun jari sun yi asara. Waɗannan duk suna da zane, suna da kyandir, suna da layin kwana 50 da na 200. In da zane yana ba da arziki da su suka fara yi.

A gida kuwa, wa ya manta MMM da ta daskare a Disambar 2016 da kuɗin miliyoyin 'yan Najeriya? Aka ce an yi hankali. Sai ga CBEX, wadda ta ce ƙirƙirarriyar basira ce take yi mata tiredin, za ta ninka wa mutum kuɗinsa cikin kwana 30. A watan Afrilun 2025 ta rufe, mutane suka fasa ofishinta a Ibadan don baƙin ciki, hukumar SEC ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba. Da an ɗauki alƙalami tun farko da ba a shiga ba. Naira dubu goma in tana ninkawa duk wata, a shekara ɗaya ta zama sama da miliyan 40, a shekara biyu ta wuce biliyan 160. Wace sana'a ce a duniya take haka? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka aka sha latsa waya ana mainin ɗin Hamster Kombat wata da watanni, da aka fashe a Satumbar 2024 akasarin mutane abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Yanzu dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara goma ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba ga masu shirya irin su MMM, amma ɗaure ɓarawo ba ya dawo da tunkiyar da aka riga aka cinye.

Ko kamfani na gaske ma, in an saye shi da tsadar hauka ana kuka. A watan Maris na 2000 kasuwar Nasdaq ta Amurka, inda kamfanonin fasaha suka fi yawa, ta kai ƙololuwa saboda zumuɗin intanet, zuwa Oktoban 2002 ta zube da kusan kashi 78 cikin 100, ba ta koma inda take ba sai 2015. Jumia mai sayar da kaya ta intanet ta shiga kasuwar New York a Afrilun 2019 a kan dala 14.50, cikin 'yan makonni ta haura dala 40, kowa na cewa ga zane yana hawa, zuwa Maris na 2020 ta koma ƙasa da dala 3, domin tun farko kamfanin asara yake yi ba riba ba. Mu ma a nan, daga Maris na 2008 zuwa farkon 2009 kasuwar Legas ta rasa fiye da kashi biyu cikin uku na darajarta, waɗanda suka ci bashi suka sayi hannayen bankuna suka shiga uku. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a ruɗe mu da hawan farashi ba, don mun biya kuɗin wannan darasi da abin da ya fi kuɗi. Lokacin da zinare ya haura dala 1,000 a kasuwar duniya, gaskiya ne yana hawa, babu wanda ya yi ƙarya. Aka riƙa kawo duwatsu cikin gidaje ana daka ana niƙa a Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, babu wanda ya gaya wa iyaye mata abin da ke cikin dutsen. A 2010 aka gano gubar dalma ce, yara sama da 400 suka rasu, Allah ya sa masu ceto ne. Ba laifin uwayen ba ne, ba su sani ba. Amma mu da muka gani, wajibi ne duk abin da aka ce mana yana tsada mu tambayi me ke cikinsa kafin mu shigo da shi gida.

YADDA AKE DUBA AKUYA

Abin mamaki, ilmin da ake buƙata kina da shi tun tuni. In za ki sayi akuya ba kya tambayar nawa aka sayar da ita makon jiya kawai. A buɗe bakinta a ga haƙori, a shafa bayanta, a duba hantsa, a tambayi haihuwa nawa ta yi, tagwaye take yi ko ɗaya, sannan a san dillalin da mai ita don kada ta zama ta sata. Haka ake duba kamfani.

Na farko, me yake sayarwa, wa ke saye? In ba za ki iya bayyana wa kishiyarki ko ƙanwarki sana'ar kamfanin da Hausa cikin magana biyu ba, ki bar shi. Ba a cinikin biri a sama.

Na biyu, riba yake ci ko asara, kuma shekara nawa a jere? Duk kamfanin da ke kasuwar NGX dole ya buga lissafinsa duk wata uku da duk shekara. In Turancin ya yi miki yawa, ki sa ɗanki ko ƙaninki mai boko ya karanta miki layi uku: abin da ya shigo, ribar da ta rage bayan haraji, da bashin da ke kansa.

Na uku, bashin nan da wane kuɗi za a biya shi? Kamfanin da ke karɓar naira yana biyan dala, ranar da naira ta faɗi shi ma zai durƙusa, kamar yadda muka gani.

Na huɗu, farashin ya dace da ribar? Mu koma ga injin markaɗe. In yana kawo ribar naira dubu ɗari a shekara aka ce ki saye shi dubu ɗari biyar, cikin shekara biyar kin mayar da kuɗinki. In aka ce miliyan biyar, sai kin jira shekara hamsin. Inji ɗaya ne, lafiyarsa ƙalau, amma a farashin farko ciniki ne, a na biyu wauta ce. Haka za ki raba farashin hannu ɗaya da ribar da hannu ɗaya ya samar a shekara, ki ga shekara nawa za ki jira. Kamfanonin fasaha sun fi kowa faɗawa wannan tarko, don ana sayensu a kan ribar da ake fata, ba wadda aka gani ba.

Na biyar, ta hannun wa za ki saya? Dillalin hannun jari na gaske yana da rajista da SEC, kuma za a buɗe miki asusu da sunanki a ma'ajiyar CSCS, inda ake rubuta hannayen kowa. Wanda ya ce ki tura kuɗi asusun wani mutum, ko ya ce sai kin kawo mutum uku kafin ki cire naki, ki kama gabanki. Mai kula da halal kuma ta sani akwai jerin kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idar Musulunci a kasuwar, mai suna NGX Lotus Islamic Index, akwai kuma Sukuk na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017 ana gina hanyoyi da kuɗinsa.

Na ƙarshe, wane kuɗi za ki sa? Ba kuɗin cefane ba, ba kuɗin makarantar yara ba, ba kuɗin adashen da mata suka ba ki amana ba, ba kuma bashi ba. Kada ki sayar da tunkiya da ɗan kunne da gadon mahaifinki ki zuba wuri guda. Ki sa abin da in ya yi shekara biyar ba ki taɓa shi ba gidanki ba zai girgiza ba, kaɗan kaɗan, a wurare daban daban. Kuma kada ki yi a ɓoye. Duk harkar da aka ce kada maigida ya ji, kada Inna ta ji, sai kin fashe ki ba su mamaki, to mamakin za su sha, amma ba irin wanda kike so ba. Aure nawa ne ya girgiza a kan kuɗin da aka ɗauka a ɓoye aka tura wa wanda ba a sani ba?

Ku kuma 'yan mata masu waya a hannu, kaifin ƙwaƙwalwar da kuke ƙonawa wajen haddace sunayen kyandir, da kun juya shi wajen koyon karanta lissafin kamfani, ko ɗinki, ko tallata kayan sana'arku ta wayar nan, da kun ga amfaninsa. Iyaye mata, ku riƙa tambayar 'ya'yanku abin da suke latsawa da dare, ba da faɗa ba, da lallashi, don wadda aka cinye wa kuɗi kunya takan hana ta faɗa, sai ta ƙara cin bashi wai ta fanshe, garin neman gira a rasa ido. Wadda kuma abin ya riga ya same ta, kada ta sake tura ko sisi ga mai cewa zai ƙwato mata, shi ma wani ɓarawon ne, ta tsaya haka ta faɗa wa na gaba da ita.

Gobe ta Allah ce, babu zanen da ya san ta. Abin da aka ba mu iko a kai shi ne mu duba haƙorin akuya kafin mu biya. Allah ya tsare mana guminmu, ya ba mu na halal mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.